Wuƙar da Casimir Ya Ce a Binne Shi da Ita

Ranar Juma'a da hantsi Lorraine ta shigo caji ofis na garin Slate Ferry cikin baƙar rigar makoki. Ta ajiye wani abu naɗe cikin tawul a kan teburin Sufeto Wendell Kosko, ta ce an yi wa babanta sata.

Kosko ya san baban nata. Kowa ma a garin nan ya san tsoho Casimir Hrabak, kuma kowa ya san tun ranar Talata ya riga mu gidan gaskiya. Yana can kwance a gidan shirya gawa na Stahl, ana jiran gobe Asabar da safe a kai shi.

"A gida aka shiga?" in ji Kosko.

"A akwatinsa aka shiga."

Ta warware tawul ɗin. Wuƙar soja ce cikin kuben fata, irin ta Yaƙin Duniya na Biyu, ƙotarta faya-fayan fata ne da aka jera aka matse. Kosko ya dube ta, ya dubi Lorraine, ya ce ai ga wuƙar nan a gabansa.

"Ba ita ba ce."

To, Lorraine ba macen da ake yi wa musu a kan kayan gida ba ce. Ita ce fa ta taɓa gane kwanon miyarta a kicin ɗin surukarta bayan shekaru, ta ɗauke shi ana tsakiyar cin abinci. Ta nuna masa ƙarfen nan da ya raba ƙota da ruwan wuƙa, mai tare hannu. Akwai rubutu a jikinsa, ƙananan haruffa. Ta ce ta babanta ba ta da ko ɗigo a wurin, tun tana yarinya take kallonta rataye a ɗakinsa. Sannan ƙotar ta babanta ta yi baƙi ta lotsa daidai inda babban yatsansa yake zama, wannan kuwa sumul take.

Labarin wuƙar ba ɓoyayye ba ne. Casimir yana cikin sojojin da aka zubo daga jirgi da lema. Ya dawo gida da wuƙarsa, ya rataye ta, kuma tun daga ranar bai ƙara zare ta daga kube ba, bai bari kowa ya zare ba. Abin da ta yi a can, bai taɓa faɗa wa ko matarsa ba. A asibiti ya riƙe hannun Lorraine, ya sa ta yi masa alkawari za ta sa ta cikin akwatinsa yadda take, a rufe su tare. Ta sa ta da hannunta ranar Laraba. Yau da safe ta je gyara masa lakatayar wuyansa, don Stahl bai taɓa iya ɗaurin lakataya ba, sai ta ga wannan.

Kosko ya kai kuben kusa da hanci. Ƙamshin kaki yake yi, irin wanda ake shafa wa ƙarfe don kada ya yi tsatsa. A zoben kuben kuma akwai guntun farin zare, an yanke shi da almakashi, an bar ƙullin.

Da ta tashi tafiya ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta waiwayo ba.

"Wendell, gobe da safe za a rufe akwatin. In ba a same ta ba, na ci amanar babana ke nan." Sannan ta ƙara da cewa, "In kuma Duane ne, kada ka gaya min sai an gama zuba ƙasa."

Duane ɗanta ne, ya ba arba'in baya, sana'arsa sayar da tsofaffin tarkace a kasuwar ƙarshen mako. An ce har agogon bangon kakarsa ya bi ta can, amma ni ban gani da idona ba.

Kosko ya fara da Vernon Stahl. Ya same shi yana goge gilashin ƙofa, ya tambaye shi wa ya shiga ɗakin da gawar take daga Laraba zuwa yau. Stahl ya dafa ƙirji ya ce babu mahalukin da yake shiga sai da shi a tsaye, gidan nan tun zamanin kakansa ba a taɓa rasa ko allura ba.

"Jiya da la'asar kana ina?"

"Ina nan ofis."

"Ofis ɗin nan, ko na tsallaken titi?"

A tsallaken titi shagon furanni yake, na Bernice, wadda mijinta ya mutu bara, kuma Stahl ne ya binne shi. Tun daga lokacin kullum da la'asar yake zuwa duba furanni. Garin nan kaf mun san furen da yake dubawa. Kunnuwansa suka yi ja, ya ajiye tsumman.

Ya ce gaskiya ya ɗan fita, bai daɗe ba. Kafin ya fita 'yan mazan jiya sun zo sun shimfiɗa tuta a kan akwatin, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya yi soja, tare da Malam Elwood, tsohon malamin makaranta, da ba ya rabuwa da su. Duane ma ya zo, da wata burmemiyar riga mai manyan aljihuna. Wa ya riga wa fita, wannan kam bai sani ba. Ya roƙi Sufeto kada zancen ya kai kunnen matarsa. Kosko ya ce masa ai ya daɗe da kaiwa.

Daga nan ya wuce gidan Malam Elwood Petrak, don in ana zancen wuƙar soja a yankin nan, wurinsa ake zuwa. Shi ya koya wa Kosko tarihi a sakandare, shi ya koya wa rabin garin. Bai taɓa aure ba. Ɗakin da ya kamata a ce na yara ne, wuƙaƙe ya cika da su, jere a bango cikin gilashi, kowace da 'yar takarda ɗaure da farin zare. Shi da Casimir kuwa, duk safiyar Allah suna tebur ɗaya a shagon kofi, suna musu a kan ƙwallo da yanayi, tun Kosko yana ɗan makaranta.

"Wendell, shigo. Goge ƙafarka."

Kosko ya goge ƙafarsa, kamar ba shi ne Sufeto ba. Ya miƙa masa tawul ɗin. Malam ya sa farar safar hannu kafin ya taɓa, ya zare wuƙar a hankali, ya juya ta a ƙarƙashin fitila. Nan take muryar aji ta dawo masa.

Ya ce da aka fara ƙera irin wannan wuƙa, a jikin ruwanta ake buga tambari, sunan masana'anta da shekara. Ba a daɗe ba aka daina sa shekarar. Daga baya aka ji tsoron bugun yana raunana ƙarfen, sai aka mayar da tambarin kan matarin hannu. Saboda haka mai tambari a matarin hannu ta ƙarshe ce, tana da yawa. Mai tambari a ruwa ta fi wuyar samu. Mai shekara kuwa, mutum sai ya yi ta yawon kasuwannin kayan yaƙi har ya tsufa bai riƙe mai kyau ba.

"Wannan fa, jabu ce?"

"Jabu? A'a." Ya shafa ƙotar da yatsa. "Ta gaske ce, ta ga yaƙi. Duba yadda haruffan suka nutse daidai. Na jabu gefensu yakan yi kaifi."

"Ta Casimir wace iri ce?"

Malam ya cire tabarau yana gogewa. Ya ce tunda matarin hannunta ba rubutu, tambarin yana ruwa, wannan ko yaro ya sani. Amma ko da shekara ko babu, ba wanda ya sani sai wanda ya zare ta, ba kuwa wanda ya taɓa zarewa. Ya yi roƙon duniyar nan, ya ce ko da faɗin yatsa biyu ne a ja masa ya leƙa. Casimir sai ya yi dariya ya ce, Malam, je ka karanta littafinka.

Kosko ya nuna masa guntun zaren, ya kuma dubi bango. Malam ya ce duk masu tara wuƙa haka suke ɗaure nasu, daga nan har bakin teku. Wannan wuƙar dai bai taɓa ganinta ba. Da Kosko ya ambaci Duane, sai ya yi sauri ya ce a bar yaron nan, shashasha ne amma ba ɓarawon gawa ba ne. Ya maimaita har sau biyu, alhali a aji shi ne yake cewa Duane ba zai ƙare da kyau ba.

A bayan gidan mai Kosko ya tarar da Duane, yana loda tsofaffin kujeru a akori-kura. Da farko ya rantse bai taka gidan Stahl ba tun Laraba. Kosko ya tambaye shi ina rigar nan tasa mai manyan aljihuna. Duane ya zauna a kan kujera ɗaya.

"To, na je. Hoto na ɗauka."

"Na kakanka?"

"Na wuƙar." Ya sosa ƙeya. Ya ce akwai wani dillali a kasuwa da ya daɗe yana yi masa zancenta, ya so ya nuna masa ne kawai. Ba zai ɓoye ba, zuciya ta raya masa. Ya ma kai hannu. Sai ya ga fuskar tsohon, bakin nan a tsuke kamar zai yi masa tsawa, ya fita da baya da baya.

Kosko ya buɗe tawul ɗin ya nuna masa. Duane ya duƙa ya daɗe yana kallo, sannan ya yi wata 'yar dariya.

"Yallaɓai, ka raina min sana'a. Ni da zan yi musanya, jabu zan sa. Suna nan tuli a kasuwa, an jiƙa su da shayi sun yi kamar tsofaffi. Wa zai ɗauki ta gaske ya tura rami? Sai dai wanda yake jin kunyar gawar."

"Da ka fito, wa ka bari a ciki?"

"Masu tuta sun tafi. A bakin ƙofa na ci karo da Malam Elwood zai koma ciki, da farar safarsa a hannu. Na ɗauka tutar zai gyara. Har ya ce min in tsaya da kyau, in daina tafiya kamar buhu."

Kosko ya koma mota ya zauna, bai tayar da ita ba. Shaidar da yake da ita ba ta kai ta sa alƙali ya ba shi takardar binciken gida ba: ƙullin zare, ƙamshin kaki, da maganar mutumin da ya fara da ƙarya. Ya kuma san Malam Elwood. In aka matsa masa, zai rufe baki ya yi ta kallon mutum ta saman tabarau har a gama jana'iza. Abu ɗaya ne bai taɓa iya haƙuri da shi ba a rayuwarsa, ya ji an faɗi kuskure a gabansa ya ƙyale.

Washegari da sassafe ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Malam ya riga ya shirya, baƙar kwat, takalmi yana ƙyalli, don yana cikin waɗanda za su ɗauki akwatin. Idanunsa sun faɗa. Kosko ya ce ba zai ɓata masa lokaci ba, bayanin wuƙar da ta ɓace yake son ya kammala, ya ga gara ya ji daga bakin masani.

Ya tsaya a tsakar ɗakin wuƙaƙen, ya soma zubo bayani kamar ɗalibi mai hadda. Wuƙar soja, ƙotar fata, kuben fata, tambari a ruwa. Malam yana gyaɗa kai. Sai Kosko ya ce Duane ya amsa cewa ya taɓa zare ta a ɓoye tun yana saurayi, ya ce sunan masana'anta ne kawai, ba shekara. Saboda haka ta tsakiya ce, ba wata ta a zo a gani ba, haka za a rubuta a rufe zancen.

"Ba haka ba ne," in ji Malam. "Akwai shekara. Tana ƙarƙashin sunan, dab da matarin hannu, lambar ƙarshe ta ɗan karkata don..."

Bai ƙarasa ba. Hannunsa yana sama, yatsa a miƙe, kamar yana nuna allo. A hankali ya sauke shi.

Kosko ya kawar da kai. Ya gwammace a ce Duane ne, Allah ya sani.

"Duane bai zare ta ba, ko?" in ji Malam.

"Bai zare ba, Malam."

"Ka iya ƙarya yanzu, Wendell. Da ba ka iya ba."

Ya je ga wata durowa, ya jawo ta ƙasa, ya fito da abu naɗe cikin farin ƙyalle. Ya ɗora a kan tebur, ya zauna. Ƙotar baƙa ce, ta lotsa a gefe ɗaya.

Ya yi magana kansa a sunkuye. Ya ce tun da Lorraine ta gaya masa za a binne ta bai samu natsuwa ba. Ƙasar maƙabartar nan jiƙaƙƙiya ce, damina kaɗan fatar za ta ruɓe, ƙarfen ya koma jar ƙura, abin da ya tsallake yaƙi ya zo ya ƙare a laka. Ya gaya wa kansa ceto zai yi, ba sata ba, zai adana ta ya bar wa gidan tarihi. Ya zaɓi wadda ya fi so a bangonsa ya kai masa, don ba zai iya barin Casimir ya tafi hannu wofi ba, kuma ba zai sa wa soja jabu a ƙirji ba.

"Gidan tarihi kuma sai da ka zare ta?"

Malam ya dubi ƙyallen da ke kan tebur.

"Na ce ba zan zare ba. Na ajiye ta a nan, na fita, na dawo, na sake fita. Sai na sa safa na ja." Ya dubi tafin hannunsa. "Lambobi huɗu ne, Wendell. Irin waɗanda ke cikin littafi. Na yi rabin rayuwata ina son ganinsu, na gansu, ban ji komai ba. Tsinin kuwa ya ɗan karye, akwai wani abu baƙi da ya bushe a gindinta wanda Casimir bai taɓa gogewa ba. A nan na gane ba tambari yake ɓoye min ba. Ni tambari kawai nake tambayarsa, duk shekarun nan. Ban taɓa ce masa, Cas, me ya same ka a can ba."

Ya ce shi bai taɓa sa kakin soja ba. Lokacin nasu yaƙin likitan soja ya saurari ƙirjinsa ya sallame shi gida, abokansa suka tafi, wasu ba su dawo ba. Wuƙar farko a shekarar ya saye ta. Ya yi niyyar mayar da wannan jiya, ya je har ƙofar Stahl, ya hango motar Lorraine, ya juya.

Kosko ya gaya masa abin da doka ta ce ya gaya masa, cewa yana tuhumarsa da sata daga jikin mamaci, yana da ikon yin shiru, yana da ikon kiran lauya. Malam ya saurara har ƙarshe bai gyara masa ko kalma ba. Ankwa tana ƙugun Kosko, bai taɓa ta ba. Ya ɗauki hoton wuƙar ta kowane gefe, tana cikin kubenta, don shaida, sannan ya naɗe ta.

Ya sa Malam a kujerar baya, ya tuƙa zuwa gidan Stahl, ya tsaya nesa da ƙofa. Mutane sun fara taruwa. Ya shiga ta baya, ya sami Lorraine tsaye a gaban akwatin, Duane a gefenta cikin kwat ɗin aro. Ta karɓi ƙyallen, ta buɗe, ta sa babban yatsanta cikin lotsawar nan. Ta ɗaga hannuwan tsohon ta sa masa, ta gyara.

"Wa?"

"Ba Duane ba ne."

Ta dubi ɗanta, ta kama hannun rigarsa ta riƙe. Sannan ta leƙa ta taga, ta ga motar 'yan sanda da farin kan Malam Elwood a kujerar baya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce kofin da Malam yake sha da shi a gidansu yana nan a kan kanta, ita da kanta ta wanke shi jiya. Ta juya ga Stahl ta ce ya rufe, a nemo wani ya kama kusurwar akwatin da ta rage. Duane ya ce shi zai kama.

Hanyar caji ofis ta bi ta gaban maƙabarta. Kosko bai yi sauri ba, sai ga jerin motocin jana'iza sun taho a bayansu, fitilu a kunne da rana tsaka. Ya sauka gefen titi ya tsaya, kamar yadda kowa yake yi a nan in gawa za ta wuce.

Baƙar motar ta zo daidai da su, ana hango ja da farin tutar ta gilashi. Malam Elwood ya ɗaga hannun dama zai kai goshi irin na soja, ya tsaya a rabi. Ya sauke shi ya dafa ƙirji, ya bar shi a nan har motar ƙarshe ta shige ƙofar maƙabarta.

"Malam, in kana so, zan iya tsayawa a bakin shinge. Za ka hango daga nesa."

"A'a, ɗana," in ji shi. "Ai na ga abin da ba a ce in gani ba. Mu tafi."

Kosko ya kunna sigina, ya hau titi.